An ce ina da sugan masu ciki, na rage ci har na rame, yanzu kuma wai laifi nayi

Maman Afnan:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sani ku taimaka min kaina ya kulle wlh. Cikina sati 29 yanzu, a sati na 27 aka bani wannan ruwan mai zaƙin tsiya na sha aka ɗebi jinina har sau uku, sakamako ya fito wai ina da suga irin na masu ciki. Tunda na dawo gida tsoro ya kama ni na daina cin shinkafa da burodi da taliya kwata kwata, da safe ƙwai ɗaya da shayi ba suga, da rana ganye da ɗan kifi, da dare wani lokacin ruwa kawai nake sha in kwanta cikina na kuka. Jiya naje awo na hau sikeli na sauko daga kilo 81 zuwa 79 da rabi, ni har murna nake a raina ina jiran a yaba min, kawai sai likitar ta haɗe rai tace waye yace min in rame? Aka gwada fitsarina tace akwai wani abu a ciki dake nuna da yunwa nake kwana. To ni yanzu gaba kura baya siyaki, in naci suga ya hau, in ban ci ba kuma faɗa. Wai kilo nawa ya kamata mai irin larurata ta ƙara ne?

Ummu Sadiq:
Wa'alaikumussalam. Allah sarki, Allah ya raba lafiya. Ni dai shawarata ki ci abinki son ranki, mai ciki ai mutum biyu ce, cin mutum biyu ya kamata kiyi. Haihuwata biyar ban taɓa sanin kilona ba

Zee:
Haba Anti Ummu Sadiq, wannan maganar ta cin mutum biyu ita ke jefa mata a matsala fa. Mutum na biyun nan a sati 29 bai wuce kilo ɗaya da 'yan kai ba, shi za a zuba wa faranti guda?

Ummu Sadiq:
To ke kuma so kike ta cigaba da kwana da ruwa?

Zee:
Ni ban ce haka ba. Nace dai ba ninki biyu ba

Anti Nos:
Ku tsaya ku biyun, kowa da ɗan gaskiyarta. Maman Afnan kafin in ce komai faɗa min abu biyu, kilonki nawa KAFIN ki ɗau cikin, kuma tsayinki nawa? Don amsar tambayarki a nan take, ba a kilon da kike dashi yau ba.

Maman Afnan:
Anti 74 nake kafin ciki, tsayi kuma a katin awona an rubuta 160

Anti Nos:
Yauwa. Ana lissafa abin da ake kira BMI, ki ɗau tsayinki a mita ki ninka shi da kansa, 1.6 sau 1.6 ya bada 2.56, sai ki raba kilonki dashi. 74 a raba da 2.56 ya kusa 29. Jadawalin da yawancin asibitoci ke aiki dashi wata cibiyar likitanci ta Amurka ce ta fitar a 2009, ga yadda yake ga mai ɗa ɗaya a ciki. Wadda BMI ɗinta bai kai 18.5 ba, wato ramammiya tun asali, ta ƙara kilo 12.5 zuwa 18. Daga 18.5 zuwa 24.9 kilo 11.5 zuwa 16. Daga 25 zuwa 29.9, nan kike, kilo 7 zuwa 11.5. Wadda ta kai 30 ko ta wuce kilo 5 zuwa 9. Kinga ko mai ƙiba sosai ba a ce ta rame ba, ƙari aka ce tayi sai dai kaɗan.
Ke kin riga kin ƙara 7 zuwa sati 27, gaskiya kin ɗan yi sauri amma baki fita daga layi ba. Abin da ake so daga nan zuwa haihuwa ki dinga ƙara kamar kwatan kilo ko ɗan sama da haka duk sati, kinga cikin sati 11 wajen kilo 3 kenan. Ba a ce ki tsaya cak ba balle ki koma baya.

Maman Afnan:
Ikon Allah, ni wlh duk tunanina duk kilon da na ƙara kitse ne kuma shi ke hawar min da sugan

Anti Nos:
A'a ƙanwata. Zauna ki lissafa, jariri shi kaɗai kilo 3 zuwa 3 da rabi ranar haihuwa, mabiyiya ta haura rabin kilo, ruwan da yake kwance a ciki wajen kilo ɗaya, ita kanta mahaifar ta ƙara wajen kilo ɗaya, jininki ya ƙaru da fiye da lita guda, ga nono ya cika ga ruwan jiki. Kafin a zo kan kitse an riga an tashi da kilo bakwai ko takwas. Kitsen ma jiki na ajiye wani ne saboda shayarwa.
Sugan kuma ba sikeli ne ya kawo shi kai tsaye ba. Mabiyiya ce ke fitar da wasu sinadarai da suke sa insulin ɗin jikinki, wato sinadarin dake kwashe suga daga jini, baya aiki yadda ya saba, kowace mai ciki haka take, don suga ya ɗan daɗe a jini jariri ya samu. Yawancin mata jikinsu sai ya ƙara yawan insulin ya cike gurbin, wasu kuma ya gaza, sune ake cewa suna da sugan ciki. Shi yasa ake gwajin tsakanin sati 24 zuwa 28, lokacin ne mabiyiyar ta girma abin yake tsananta. Ƙiba tana ƙara haɗarin kamuwa gaskiya ne, amma ba ita kaɗai bace.

Siririya:
Ni shaida ce wlh. Kilona 49 na ɗau cikin fari, mutane har tsokanata suke iska zata ɗauke ni, amma aka ce ina da shi. Babana da yayarsa duk masu suga ne ashe gado na bi. Ni matsalata akasin taki ce Maman Afnan, ance sai na ƙara sama da kilo 12 kuma an hana ni lemo da kek da duk abin da na san yana sa ƙiba 😭 nace wa likita to da me zan yi ƙibar? Shine aka haɗa ni da mai ba da shawarar abinci tace gyada, ƙwai, madara mai kitsenta, yogot mara suga, kifi, nama, wake, in dinga zuba ɗan mai a ganye. Sau shida nake ci a rana kamar jaririya. Da kyar na kai 11 na haihu, yaron kilo 2.9 lafiyarsa ƙalau

Maman Biyu:
Ni bari in baku nawa labarin ko wata zata ɗau darasi. Cikina na biyu an faɗa min ina da shi nayi kunnen uwar shegu, nace ai ba na jin komai a jikina, kuma da gaske ba a jin komai ɗin shine mugun abin. Kwaɗayin lemo mai sanyi ya kama ni kullum sai na sha biyu, ga jus ɗin kwali da nake ganin ai 'ya'yan itace ne. Kilo 21 na ƙara. Da aka yi sikanin a sati 36 mai yin hoton yayi shiru ya sake aunawa ya sake aunawa sannan yace cikin yaron ya fi kansa girma nesa. Ƙarshe aiki aka min, yaro kilo 4.4, kowa na ta barka an haifi ƙato, ni kuwa ko awa biyu ba a yi ba aka ɗauke shi wai sugansa ya faɗi. Kwana uku ina jan ƙafa da ɗinki zuwa ɗakin jarirai ina kallonsa da ƙarin ruwa a ɗan hannunsa an naɗe da filasta. Har yau in na tuna raina ɓaci yake

Maman Afnan:
Innalillahi, kinga irin wannan labarin ne ya hana ni ci wlh. Amma ya akai sugan yaro ya faɗi bayan na uwar hawa yake?

Anti Nos:
Tambaya mai kyau. Sugan jininki yana ratsa mabiyiya ya shiga jinin jariri, amma insulin ɗinki baya ratsawa. To in suga yayi masa yawa sai jikinsa ya dage da yin nasa insulin ɗin da yawa, shi kuma insulin aikinsa ajiya, sai ya mayar da rarar kitse, musamman a ciki da kafaɗu. Shi yasa ake tsoron kai ya fito kafaɗa ta maƙale wajen haihuwa. Ana yanke cibiya sugan uwa ya yanke, amma insulin ɗinsa na nan da yawa, sai ya kwashe ɗan wanda ke jininsa. Dalilin da yasa ake matsa wa a sa shi a nono da wuri a kuma dinga gwada shi kenan.
Amma Maman Afnan ki lura, maganin abin da ya samu Maman Biyu ba yunwa bane. An gudu ba a tsira ba kenan. Abin da aka gani a fitsarinki sunansa kiton, yana fitowa ne in jiki ya rasa abinci ya koma ƙona kitsensa, kuma ba a son mai ciki ta zauna a wannan halin. Ga kuma haɗarin yaron ya ƙi girma yadda ya kamata, ƙaramin jariri shima da nasa wahalhalun.

Zee:
Anti Nos ina da ja a kan jadawalin nan fa. Na karanta cewa ba don masu sugan ciki aka yi shi ba, don mata masu ciki gaba ɗaya ne, kuma yawanci da bayanan matan Amurka aka haɗa shi. A Ingila ma basu da wani adadin kilo a hukumance da suke cewa mace ta ƙara, ba kuma kowane awo suke ɗora mace a sikeli ba. To me yasa za mu riƙe shi kamar saukakke?

Anti Nos:
Gaskiyarki Zee duk abin da kika faɗa haka yake, kuma ni ban ce saukakke bane. Ma'auni ne na kwatance. Likita baya kallon sikeli shi kaɗai, abu uku yake haɗawa, lambobin suganki na gida, girman yaro a sikanin, sannan kilo. Akwai matan da suna daina lemo da kayan zaƙi sai kilonsu ya tsaya sati biyu uku ko ya ɗan sauka, in suna cin abinci sosai, ba kiton a fitsari, yaro na girma daidai, ba wanda zai tada hankalinsa. Na Maman Afnan daban ne, ita da gangan take kwana da yunwa.

Zee:
To a nan mun daidaita. Ni abin da ke ban haushi yadda ake sa mace kuka a kan rabin kilo

Hajiya Babba:
Ku 'yan zamani komai sai da lamba. Mu a da wa ya san wani BMI, muka haihu lafiya muka yi jikoki

Maman Biyu:
Hajiya da girmanki, amma waɗanda basu haihu lafiyar ba ai basa nan balle su bada labari. Kakata ta sha faɗa min ta haifi manyan 'ya'ya biyu ba rai aka ce tsautsayi ne, daga baya suga ya kama ta. Allah kaɗai ya san gaskiya amma ni dai zuciyata na raya min abu

Hajiya Babba:
Hakane kuma 'yata, Allah ya jiƙansu. Ni dai tsorona kar a firgita yarinya ne

Maman Afnan:
Anti Nos to dan Allah a aikace me zan ci? Don wlh yanzu ko shinkafa na gani gabana faɗuwa yake

Anti Nos:
Ki dawo da ita, amma da awo. Mai ciki tana buƙatar aƙalla giram 175 na sitaci da dangoginsa a rana (sitacin dake cikin abincin ake nufi, ba nauyin abincin kansa ba), ko tana da suga ko bata da shi, ƙwaƙwalwar yaron da shi take aiki. Don ki gane, yankan burodi ɗaya yana da wajen giram 15 na sitaci, haka ma sulusin kofi na dafaffiyar shinkafa, gwangwanin lemo ɗaya kuwa na mil 330 wajen giram 35 ne na zallar suga ba wani amfani a ciki. Dabarar ita ce rarrabawa, manyan ci uku ƙanana biyu ko uku a tsakani, maimakon ki tara ki zuba wa jiki lokaci ɗaya. In kin zuba abinci rabin faranti ganye da kayan lambu, kwata nama ko kifi ko ƙwai, kwata mai sitacin. Kar ki ci sitaci tsurarsa, haɗa shi da furotin yana rage saurin hawan. Da safe ki fi takatsantsan, mata da yawa abin da suka ci da rana lafiya lau in suka ci shi da safe sai lambar mitar gwajin suga ta haura. Sannan ki ci ɗan wani abu kafin ki kwanta, ko yogot ne da 'yar gyada, don kar ki wayi gari da kiton ɗin nan.
Batun cin mutum biyu kuma, wata ukun farko ba a buƙatar ƙarin komai, na tsakiya ƙarin kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa) wajen 340 a rana, na ƙarshe wajen 450. Kofin madara da ƙwai biyu da yankan burodi sun kusa cike na tsakiyar, ba wani faranti na biyu ba. Amma ki nemi a haɗa ki da masanin abinci a inda kike awo, su zasu tsara miki daidai jikinki, ni ban ga katinki ba.

Ummu Sadiq:
To na karɓi gyara 😂 amma zuma fa? Ai ita magani ce, in ta sa a shayi madadin suga

Siririya:
Anti na gwada da kaina, cokali ɗaya na sa mitata ta nuna min 160 bayan awa ɗaya. Jini bai san bambancinsu ba wlh

Maman Afnan:
Wannan ma wani ruɗanin ne, a takardar asibiti an rubuta min 5.4 da 8.9, mitar da mijina ya siyo kuma 98 take nunawa da safe, ranar farko na zata mutuwa zanyi

Zee:
Hhhh ma'auni biyu ne 'yar uwa, ki raba na mitar da 18 zai baki irin na asibitin. 98 ɗin nan shine 5.4. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2013 in aka baki ruwan suga giram 75, ana cewa kina da shi in na kafin sha ya kai 5.1, ko na bayan awa ɗaya ya kai 10, ko na bayan awa biyu ya kai 8.5, ɗaya ma ya isa. Lambobin sun samo asali ne daga wani babban bincike da aka wallafa a 2008 kan mata kusan dubu 25 a ƙasashe tara, aka ga duk yadda sugan uwa ya ƙaru haka nauyin jariri ke ƙaruwa ko da bai kai na cikakken mai ciwon suga ba

Anti Nos:
Zee ta gama magana. A gida kuma abin da aka fi nema da safe kafin ki ci komai ƙasa da 95, bayan awa ɗaya da cin abinci ƙasa da 140, in bayan awa biyu kike gwadawa ƙasa da 120, sai dai in likitarki ta baki wasu lambobin daban. Ki samu ɗan littafi ki dinga rubuta lamba da abin da kika ci a gefenta, cikin sati ɗaya zaki gane abincin da jikinki baya so. Ki kuma taka ƙafa minti 10 zuwa 15 bayan kowane ci, ko zagayen tsakar gida ne, zaki sha mamakin yadda yake sauke lambar. Ana so mai ciki ta haɗa minti 150 na motsa jiki a sati in ba a hana ta ba.

Maman Afnan:
Anti in faɗa miki gaskiya? Allurar nake gudu. Likitar tace in lambobin basu sauka ba za a sa min insulin, wata maƙociyata kuma tace duk wanda ya fara shikenan har abada kuma yana sa ƙiba

Maman Biyu:
Maganar har abadan nan ƙarya ce wlh. Cikina na uku da nayi hankali na kiyaye komai, kilo 8 kawai na ƙara, amma sugan safen nan ya ƙi sauka duk yadda nayi, 100, 103, 99. Aka sa min insulin na dare, allurar 'yar mitsitsiya ko cizon sauro ya fi ta zafi. Ranar da na haihu aka dakatar. Yarinya kilo 3.3 da kaina na haife ta duk da aikin da aka min a baya

Anti Nos:
Kin ji daga bakin mai ita. Mafi yawan mata, bakwai zuwa takwas cikin goma, gyaran ci da motsa jiki kaɗai ke isarsu. Sauran kuma ba gazawarsu bace, mabiyiyar ce ta fi ƙarfin jikin, musamman lambar safe wadda ba ki da iko sosai a kanta tunda barci kike. Ana bada insulin ko ƙwayar metformin gwargwadon abin da likita ta gani. Abin da na fi tsana a aikina shine mace ta dinga horar da kanta da yunwa don ta kawo min littafi mai kyawawan lambobi, ni tana burge ni yaron kuma yana biyan bashin. Gara ki ci daidai a sa miki maganin.
Wani abu kuma kar in manta, ku duka masu ciki a nan. In kika ga kilo ya yi tsalle lokaci ɗaya, kamar kilo biyu cikin sati, ga fuska da hannu sun kumbura zobe ya ƙi fita, ga ciwon kai ko ganin wasu taurari taurari, wannan ba abinci bane, ruwa ne, alamar hawan jinin masu ciki ce mai kaiwa ga jijjiga, kuma masu sugan ciki sun fi shiga haɗarinsa. Asibiti a ranar, ba jiran ranar awo ba.

Amaryar Bana:
Ni tagwaye ne dani sati 20, jadawalin nan ya shafe ni?

Anti Nos:
Naku daban ne amarya, mai matsakaicin jiki kilo 17 zuwa 25, mai ɗan jiki 14 zuwa 23, mai ƙiba 11 zuwa 19. Allah ya sauke ki lafiya, kuma kar ki tsallake gwajin sugan in lokacinsa yazo

Siririya:
Kuma dan Allah bayan haihuwa a koma gwaji, ni sai da aka kira ni sau biyu don na ɗauka an wuce wajen. Tsakanin sati 4 zuwa 12 ake sake shan ruwan nan, bayan nan kuma duk shekara ɗaya zuwa uku, don kusan rabin waɗanda suka yi na ciki yana dawo musu a matsayin cikakken ciwon suga nan gaba. Ni da nake da gado kam duk shekara nake yi

Maman Afnan:
Salam 'yan uwa na dawo da labari bayan kwana goma. Na koma cin abinci kamar yadda Anti Nos tace, an kuma haɗa ni da mai tsara abincin. Yau a awo 80 cif, fitsari fes ba komai, sikanin yace yaron daidai satinsa yake. Na bayan cin abinci duk suna ƙasa da 140 in banda ranar da naci ayaba biyu a jere 🙈 na safen ne dai har yanzu yake min wasa tsakanin 94 da 99, likitar tace in ƙara sati ɗaya in bai sauka ba za a fara min na dare, nace mata to. Mijina ne yanzu ɗan sandan tafiya, ina ajiye cokali zai miƙo min takalmi.

Ummu Sadiq:
Masha Allah, Allah ya ƙara sauƙi. A gaida ɗan sanda 😂

Maman Afnan:
Zai ji Anti. Maman Biyu dan Allah allurar a ciki kike yi ko a cinya? Kuma wai dole sai a firji ake ajiye ta?

Maman Biyu:
A cinya nake yi ni, cikin tsoro yake bani duk da sunce ba komai. Wadda ba a buɗe ba ita ke zama a firji, wadda kike amfani da ita kuma wuri mai sanyi dai da rana bata bugawa, zasu faɗa miki kwana nawa take yi. Bari yaran nan su kwanta in duba ko ina da hoton tawa a waya in turo miki